Ta yaya ƙungiyar yanki za ta ƙarfafa hulɗa da maƙwabtan da ba mambobinta ba?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya yana cewa, ganin yadda Mali da Burkina Faso da Nijar suka fice daga ECOWAS, da kuma yadda Tarayyar Turai ta shafe shekaru tana jan ƙafa a kan batun Turkiyya, shin akwai hanyar da ƙungiyar yanki za ta bi ta ƙarfafa hulɗar siyasa da tattalin arziki da ƙasashen da ke kewaye da ita, kuma da wanne ya kamata a fara, siyasa ko ciniki?

Malam, abin da tarihin waɗannan ƙungiyoyi ya nuna shi ne hulɗa tana ɗorewa idan aka kafa ta a kan abin da ɓangarorin biyu suke buƙata kullum, kamar ruwa da wutar lantarki da hanya da kasuwa, aka ba maƙwabci bakin magana wajen gudanar da abin, sannan ƙungiyar ta ɗaure wa kanta hannu cewa ba za ta mayar da shi makami ba ranar da siyasa ta ɓaci. Sharaɗi na ukun shi ne mafi wuya, kuma shi ne aka fi karyawa, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Akwai bambanci tsakanin mamba da maƙwabci wanda ake yawan mantawa da shi. Mamba ya sa hannu a yarjejeniya, ya sallama wani yanki na ikonsa, kuma an ba shi kujera da ƙuri'a a madadin abin da ya sallama. Maƙwabci bai ɗauki wannan alkawari ba, saboda haka ƙungiya ba ta da hurumin ba shi umarni, amma kogin da ke ratsa ƙasarsa shi ne ke ratsa ƙasashenta, annobar da ta ɓulla a wajensa ba ta tsayawa a bakin iyaka, haka ma masu ɗauke da makamai. Ƙungiyoyi sukan faɗa cikin ɗaya daga kurakurai biyu a nan. Wani lokaci su ɗauki maƙwabci tamkar mai neman shiga da ke jiran a duba takardunsa, su yi ta jera masa sharuɗɗa alhali bai roƙi komai ba, wani lokaci kuma su ɗauke shi wurin da matsala ke fitowa, ba sa tunawa da shi sai baƙin haure ko 'yan bindiga sun tsallako. A duka halayen biyu ba a tambaye shi abin da yake so ba.

Mataki na farko shi ne ƙungiya ta samar da matsayi iri-iri tsakanin zama cikakken mamba da zama bare. Norwe ta ƙi shiga Tarayyar Turai sau biyu ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, a 1972 da 1994, amma tana cikin kasuwar bai ɗaya ta Turai ta hanyar wata yarjejeniya da ta fara aiki a 1994, wadda ta haɗa da Aisilan da Lictenstain. Suwizalan ta ƙi ko wannan a 1992, sai aka yi ta ƙulla yarjejeniyoyi da ita fanni-fanni. A Kudancin Amurka ƙungiyar Mercosur ta ba Chile da Boliviya matsayin abokan hulɗa tun 1996, Boliviya ta zarce ta zama cikakkiyar mamba daga baya, Chile kuwa ta zauna a matsayinta ba tare da wani ya ɗauki hakan a matsayin raini ba. Muritaniya ta fice daga ECOWAS a 2000, amma a 2017 ɓangarorin biyu suka sa hannu a yarjejeniyar haɗin gwiwa da ta shafi 'yancin ciniki da kuɗin fito na bai ɗaya. Amfanin irin wannan tsari shi ne gwamnatin maƙwabciyar ƙasa za ta iya matsowa gwargwadon abin da jama'arta za su lamunta, ba sai an ce mata ta ɗauki komai ko ta bar komai ba.

Sai dai matsayin tsaka-tsaki yana da tasa illar, kuma Turkiyya ce ta fi kowa saninta. Tun ƙarshen 1995 tana cikin tarayyar kwastam da Turai, wato kayan masana'antu suna shiga da fita tsakaninsu ba tare da kuɗin fito ba, kuma dole Turkiyya ta ɗora wa kayan waje irin kuɗin da Turai ta ɗora. Wannan ya bunƙasa masana'antunta na motoci da tufafi da kayan lantarki ƙwarai. Amma idan Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da wata ƙasa ta uku, kayan waccan ƙasa za su iya shiga Turkiyya ta Turai ba tare da kuɗin fito ba, alhali kayan Turkiyya ba su sami irin wannan dama a can ba sai ta je ta nemi tata yarjejeniyar daban, kuma waccan ƙasa ba ta da wani dalilin gaggawa tunda ta riga ta sami abin da take so. Ba a zauna da Turkiyya ba lokacin da ake tattaunawar, amma sakamakon ya hau kanta. Duk tsarin da ya ɗora wa maƙwabci doka ba tare da an ji ta bakinsa ba yana tara ɓacin rai a hankali, ko da kuwa yana kawo riba, kuma 'yan siyasar cikin gida ba sa rasa yadda za su yi amfani da wannan ɓacin rai. Norwe ta jure irin wannan domin tana da arziki kuma ana tuntuɓarta tun ana tsara dokokin, abin da ƙasa matalauciya ba kasafai take samu ba.

Alkawarin shigarwa kuma abu ne da bai kamata a yi shi da baki kawai ba. Turkiyya ta miƙa buƙatar zama mamba a 1987, aka amince da ita a matsayin 'yar takara a 1999, aka fara tattaunawa a 2005, kuma har yanzu maganar tana nan a tsaye. Maroko ta nemi shiga ECOWAS a 2017, shugabanni suka amince bisa manufa a taronsu na Monrobiya a watan Yuni na wannan shekara, sannan maganar ta kwanta. Masu masana'antu a Najeriya sun nuna adawa bisa dalili mai ƙarfi, domin Maroko tana da yarjejeniyar ciniki da Turai da Amurka, kuma suna tsoron kayan can su kwararo ta hannunta. A ganina da tun farko an gaya wa Maroko cewa abin da zai yiwu shi ne yarjejeniya a kan taki da bankuna da sufurin jiragen sama da makamashi, fannonin da kamfanoninta suka riga suka yi nisa a yankin, da an fi samun abin nunawa. A ɗaya gefen kuma, Ƙungiyar Gabashin Afirka ta karɓi Sudan ta Kudu a 2016, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a 2022, da Somaliya a 2024, da sauri fiye da yadda ƙasashen suka shirya aiwatar da dokokin kwastam da biyan kuɗin gudummawa, ga shi kuma ta jawo rikicin gabashin Kongo cikin ɗakin taronta.

Idan muka juya ga ciniki, yawancin mutane suna zaton cire kuɗin fito shi ne babban aiki. Gaskiya shi ne mafi sauƙi, domin da sa hannu ake yin sa. Abin da ke tantance ko ɗan kasuwa zai amfana shi ne ƙa'idar asalin kaya, wato sharaɗin da ke fayyace yawan aikin da dole a yi wa kaya a cikin ƙasa kafin a ce nata ne. A ce mai ɗinkin tufafi a Maroko ya sayo yadi daga Turkiyya ya ɗinka riguna zai kai Faransa. Idan ƙa'idar ta ce dole a saƙa yadin a Maroko, to rigunansa za su biya cikakken kuɗin fito duk da yarjejeniyar da ke akwai. Turai da maƙwabtanta na Bahar Rum sun warware wannan ta hanyar amincewa a haɗa lissafi, ta yadda yadin Turkiyya da ɗinkin Maroko za a ɗauke su kamar daga wuri ɗaya suka fito. Wannan gyara da ba ya shiga kanun labarai yana ƙulla masana'antun ƙasashe uku ko huɗu a sana'a ɗaya, kuma masu waɗannan masana'antu da ma'aikatansu su ne za su fara zuwa wajen gwamnatocinsu su roƙi a sasanta idan rigima ta taso. Irin wannan haɗa lissafi yana cikin manyan abubuwan da yarjejeniyar ciniki ta RCEP ta kawo, wadda ƙasashe goma na ASEAN, wato ƙungiyar ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya, suka sa wa hannu a 2020 tare da Sin da Japan da Koriya ta Kudu da Ostareliya da New Zealand, ta fara aiki a farkon 2022.

Sai kuma bakin iyaka kanta. Direban babbar mota da ya kwana uku a layi, ana duba kayansa a wannan gefe a sake saukewa a duba a wancan, ga shingaye a kan hanya kowanne da abin da ake miƙawa, bai san an cire kuɗin fito ba, domin abin da ya kashe a jira da na goro ya kan kai ko ya zarce shi. Tashar bincike ta haɗin gwiwa, inda jami'an ƙasashen biyu ke zama a gini ɗaya su duba kaya sau ɗaya, ta nuna amfaninta tun da aka buɗe ta Chirundu tsakanin Zambiya da Zimbabuwe a 2009. An yi irin ta a Mfum da Ekok tsakanin Najeriya da Kamaru tare da sabuwar gada da aka buɗe a 2022, kuma wannan tana da muhimmanci na musamman domin nan ne ECOWAS ke haɗuwa da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Amma gini kaɗai ba ya isa. An ƙaddamar da tashar Seme da Krake tsakanin Najeriya da Benin a watan Oktoba na 2018, a watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwauri, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Wannan tsakanin mambobi ne ya faru, kuma maƙwabta suna kallo. Ƙungiyar da mambobinta ba sa cika wa juna alkawari zai yi mata wuya ta shawo kan na waje cewa shi za a cika masa.

Misalin da na fi so a yi nazarinsa shi ne na kogin Senegal. A 1972 Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa hukumar raya kogin, wadda aka fi sani da OMVS, Gini ta shiga a 2006. Abin da ya bambanta ta da sauran hukumomi shi ne sun amince cewa manyan ayyukan da aka gina mallakarsu ne gaba ɗaya, ko a ƙasar wa aka gina su. Madatsar ruwa ta Manantali tana cikin Mali, ta Diama tana kusa da bakin teku tsakanin Senegal da Muritaniya, amma bashin da aka ci da wutar da ake samu da ruwan noma duk an raba su bisa ƙa'idar da aka amince da ita tun farko. A 1989 rikici mai muni ya ɓarke tsakanin Senegal da Muritaniya, aka kashe mutane, aka kori dubbai daga kowane ɓangare, aka yanke hulɗar jakadanci har zuwa 1992, amma hukumar ba ta rushe ba. Da Muritaniya ta fice daga ECOWAS ba ta fice daga OMVS ba, haka ma Mali a yau. Babu wanda ya isa ya kori wani daga abin da yake da kaso a cikinsa, kuma babu wanda zai fita ya bar kasonsa. Hukumar kogin Neja, mai hedkwata a Yamai, ita ma ta haɗa ƙasashe tara, ciki har da Kamaru da Chadi waɗanda ba su taɓa zama mambobin ECOWAS ba, da ƙasashe ukun da suka fice. Duk wanda ya ga abin da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru ke ƙarawa a ambaliyar kogin Binuwai ya san cewa musayar bayanai a kan lokaci tsakanin injiniyoyi tana ceton rai fiye da sanarwar bayan taro.

Turai ta yi makamancin haka da wutar lantarki. Yarjejeniyar makamashi da aka sa wa hannu a Atina a 2005 ta jawo ƙasashen Balkan, daga baya Moldoba da Yukren, cikin dokokin kasuwar wuta da iskar gas ta Turai ba tare da sun zama mambobi ba. Saboda an shafe shekaru ana wannan aikin a natse, a watan Maris na 2022, makonni kaɗan bayan Rasha ta mamaye Yukren, aka iya haɗa layukan wutar Yukren da Moldoba da na Turai.

Yanzu ga sharaɗi na uku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi cikin kwana huɗu, aka rufe iyakoki, aka dakatar da hulɗar kuɗi da ciniki, aka yi barazanar amfani da ƙarfin soja, Najeriya kuma ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Ba na cikin masu ganin ƙungiyar ba ta da hujja. Tana da yarjejeniya ta 2001 a kan dimokuraɗiyya da shugabanci nagari wadda Nijar ta sa wa hannu, an tsare zaɓaɓɓen shugaba Mohamed Bazoum, kuma ƙungiyar da ta yi shiru a kan irin wannan ta zubar da mutuncinta. Abin da nake ƙalubalanta shi ne makamin da aka zaɓa. Wutar da aka yanke ba ta duhunta fadar sojoji ba, domin suna da janareta. Ta duhunta asibitoci da masu sana'a da gidajen talakawa, motocin magani da abinci suka maƙale a Malanville a gefen Benin, sojojin kuma suka sami abin da suka fi buƙata, wato abokin gaba na waje da za su nuna wa jama'a. An ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairu 2024 ba tare da an saki Bazoum ba, bayan ƙasashe ukun sun riga sun kafa ƙawancensu na AES a Satumba 2023 kuma sun sanar da ficewa a Janairu 2024.

Ɓarnar da ta fi daɗewa ita ce wadda aka yi wa amana. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku tana rayuwa ne bisa yardar cewa tashar jiragen ruwan maƙwabcinta da layin wutarsa za su kasance a buɗe kowane irin yanayi ake ciki. Da zarar an nuna mata sau ɗaya cewa za a iya rufe su, duk gwamnatin da ta zo bayan nan, ta soja ce ko ta farar hula, za ta nemi wata hanya ko da ta fi tsada. Nijar ta karkatar da kayanta zuwa tashar Lome ta cikin Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari da sai da rakiyar sojoji, kuma ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin bayan Benin ta buɗe tata. Mali, lokacin takunkumin Janairu zuwa Yuli 2022, ta koma ga tashoshin Nuwakshot da Konakiri, abin da ya nuna cewa takunkumi ba ya kamawa idan akwai maƙwabcin da ba ya cikin ƙungiya kuma ba a shawarce shi ba, kamar Muritaniya, ko mamban da ya ƙi bin takunkumin, kamar Gini. Ba a Afirka kaɗai hakan ke faruwa ba. Rasha ta rage iskar gas da take tura wa Turai a 2022 don ta matsa mata, Turai ta sha wahala ta nemi wasu masu sayarwa, kasuwar da aka gina cikin shekaru hamsin ta tafi. Ƙatar ma da maƙwabtanta suka rufe mata iyaka daga 2017 zuwa 2021 ta ƙara kusantar Turkiyya da Iran ne. Saboda haka shawarata ita ce a rubuta ƙarara a cikin kowace yarjejeniya da maƙwabci cewa wuta da ruwa da magani da abinci da hanyar wucewar kaya ba sa cikin abin da takunkumi zai taɓa, a bar hukunci ya tsaya a kan mutanen da suka yi laifin, ta hanyar hana su tafiya da riƙe dukiyarsu da dakatar da su daga taruka.

A fannin siyasa zalla, ASEAN ce ta fi kowa iya zama da maƙwabtan da suka fi ta ƙarfi. Yarjejeniyarta ta zumunci da haɗin kai ta 1976 ba ta buƙaci abu mai yawa ba, illa mutunta 'yancin juna, da kauce wa tsoma baki a harkokin cikin gida, da warware saɓani ba tare da ƙarfi ba. Daga baya aka buɗe ta ga na waje, Sin da Indiya suka sa hannu a 2003, Amurka a 2009, aka kuma mayar da sa hannun sharaɗin shiga taron ƙolin Gabashin Asiya. Ana sukar wannan salo da cewa ba shi da haƙori, kuma sukar tana da tushe, domin bai hana juyin mulkin Myanmar na 2021 ba, bai kuma warware rigimar tekun kudancin Sin ba. Amma ya tabbatar da cewa akwai teburin da kowa ke zuwa kowace shekara, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna, kuma daga irin wannan zama ne aka haifi shirin Chiang Mai a 2000, bayan rikicin kuɗi na 1997, inda ASEAN da Sin da Japan da Koriya ta Kudu suka amince su riƙa tallafa wa juna da kuɗin waje idan wani ya shiga matsi. Taron da ake yi a kan lokaci ko ana shiri ko ba a shiri ya fi taron gaggawa amfani, domin kiran taron gaggawa kansa yakan zama abin jayayya.

Wani darasi kuma shi ne kada a tilasta wa maƙwabci ya zaɓi tsakanin ƙungiya da wani babban abokinsa idan akwai yadda za a kauce wa hakan. Yarjejeniyar ciniki mai zurfi da Turai ta miƙa wa ƙasashen gabashinta ba za ta haɗu da zama cikin tarayyar kwastam da Rasha ke jagoranta ba. Armeniya, wadda tsaronta ya dogara ga Rasha a lokacin, ta janye a Satumba 2013, shugaban Yukren Viktor Yanukovych ya dakatar da sa hannu a Nuwamba na shekarar, abin da ya biyo baya kuwa sananne ne. Alhakin mamayar Yukren yana kan wanda ya tura sojoji, ba na raba wannan da kowa. Amma abin lura shi ne a 2017 Turai ta ƙulla wata yarjejeniya da Armeniya wadda aka cire mata ɓangaren da ke karo da alkawuranta na wancan gefe, wato ashe tun farko ana iya ɗinka wa kowace ƙasa abin da ya yi daidai da ita.

Batun tsaro ba ya buƙatar dogon bayani, domin a nan ne larura ta fi tilasta haɗin kai. Rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram, mai hedkwata a Njamena, an rataya ta ne a kan Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa tun 1964, kuma hakan ne ya sa ta iya haɗa Najeriya da Kamaru da Chadi duk da cewa ƙungiyoyinsu na yanki daban ne. Yarjejeniyar Yawunde ta 2013 a kan fashin teku a mashigin Gini ita ma ta haɗa ƙungiyoyin Yammaci da Tsakiyar Afirka. Inda ake samun matsala shi ne idan ƙungiya mai arziki ta taƙaita hulɗarta da maƙwabci ga biyan sa ya tsare mata ƙofa. Turai ta yi wa Turkiyya alkawarin yuro biliyan 6 a ƙarƙashin yarjejeniyar 2016 don kula da 'yan gudun hijira da hana su tsallakawa, yawan masu tsallakawa ya ragu sosai, amma a Fabrairu 2020 Turkiyya ta sanar da buɗe iyakarta da Girka lokacin da take neman goyon baya a kan Siriya. A Mayu 2021 mutane kusan 8,000 suka shiga Ceuta, wani gari na Sifaniya da ke gaɓar arewacin Afirka a kan iyaka da Maroko, cikin kwana biyu lokacin da Maroko ke fushi da Sifaniya. Wannan shi ne mayar da hulɗa makami daga ɗaya ɓangaren, kuma waɗanda ake jefawa a tsakani mutane ne masu rai.

To, wanne ne farko, siyasa ko ciniki? Ana buƙatar siyasa daidai gwargwadon da za a iya zama a sa hannu, daga nan sai a bar aikin yau da kullum ga jami'an kwastam da injiniyoyi da manyan bankuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, a kuma kafa wurin kai ƙara wanda ƙaramar ƙasa za ta iya yin nasara a cikinsa a kan babba. Turai kanta da kwal da ƙarfe ta fara a 1951, shekara shida bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin ƙasashe shida.

Game da ECOWAS da AES, abin da ake da shi a hannu ya fi yadda mutane ke zato. Da ficewar ta tabbata a 29 ga Janairu 2025, ECOWAS ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna ba tare da biza ba, su kuma ci gaba da ɗaukar kayansu a ƙarƙashin tsarin 'yancin ciniki na ƙungiyar har sai an sanar da wani abu daban. AES ita ma ta bayyana cewa ƙofarta a buɗe take ga 'yan ECOWAS, kuma ƙasashen uku suna nan cikin UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗin bai ɗaya ta Yammacin Afirka, suna amfani da kuɗin sefa tare da Senegal da Kodebuwa da Togo da Benin. Raunin wannan yanayi shi ne duk ya rataya ne a kan sanarwa da kowane ɓangare zai iya janyewa da wata sanarwar, kuma harajin kashi 0.5 cikin 100 da AES ta ɗora wa kayan da ke shigowa a 2025 ya nuna yadda abubuwa za su iya zamewa kaɗan-kaɗan. Aikin da ke gaban masu tattaunawa shi ne su mayar da waɗannan sanarwoyi rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyi biyu masu daraja ɗaya, wadda za ta ƙunshi zirga-zirgar mutane da dabbobi, da hanyar wucewar kaya zuwa tashoshin Kwatano da Lome da Tema da Abijan da Dakar, da cinikin wuta, da musayar bayanan tsaro a kan iyakoki, da hukumar haɗin gwiwa mai zama a kan lokaci, ba tare da an gindaya komawa cikin ECOWAS a matsayin sharaɗi ba. Muritaniya ta ɗauki shekara 17 kafin ta kai ga irin wannan yarjejeniya, amma yawan jama'ar da ke rayuwa a kan iyakokin ƙasashen nan uku da yanayin tsaron Sahel ba za su ba da wannan tsawon lokaci ba.